Tambayoyinku: wai mi ya haɗa ɓera da ciwon ɗan Adam?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka, ya zafi ya hidima. Wanga karo saƙonnin da sunka shigo kusan duk hanya guda sunka bi, zancen dabbobin da ake gwaji a kansu a labo, inaga bidiyon nan ne na maganin tsufa da ke ta yawo a WhatsApp ya tada maganar. Na ɗauko biyar, saura ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.

TAMBAYA: Salam Mushe ina wuni ya aiki. Ni ɗan lise ne ina terminal, a darasin SVT kullum sai an ce an gwada kaza a kan ɓera, an cire ma kare kaza an ga kaza, to ni abinda ban gane ba mi ya haɗa ɓera da mutum, kuma in dai kusu ake nema ai rumbunmu na ƙauye cike yake dasu mi zai hana jami'ar Dan Dicko ta riƙa saye muna kamowa muna kai mata. Ɗalibinka daga Ali Dan Sofo.

AMSA: Ɗana tun baka gama tambaya ba har ka hango kasuwa, ɗan Maradi kenan. To wanga ciniki dai ba zai faɗa ba, amma bari mu fara da ta farkon.

In ka buɗe cikin ɓera abinda zaka tarar shine abinda ke cikinka, zuciya mai ɗaki huɗu, hanta, ƙoda biyu, huhu, hanji, har da ƴar tsokar nan da ke kwance bayan tumbi mai fidda insulin wadda kuke ce ma pankireyas a aji. Uwarshi nono take bashi, yana ƙiba, yana ciwon suga, yana ciwon daji, in ya tsufa ya yi furfura ido ya yi yana ƙashi ya yi rauni. A 2002 anka fidda cikakken karatun ADN ɗin ɓera, wato rubutun gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, anka tarar kusan kowace ƙwayar gado da mutum ke da ita ɓera na da ƴar uwarta, kuma a wuraren da ke ba jiki umurnin ƙera furotin kamannin ya kai wajen kashi 85 cikin 100. Sai kuma sauri, cikin ɓera kwana 19 zuwa 21 ne ta haihu, ƴaƴa shida bakwai takwas a zubi guda, wata biyu su ma sun isa haihuwa, shekara biyu zuwa uku an tsufa an mutu. Kenan mai bincike zai ga rayuwa tun daga haihuwa har tsufa kafin ya gama digirinshi, abinda in a mutum ne sai ya jira shekara saba'in, wataƙila ma shi ya riga wanda yake bincike a kai tahiya.

Yanzu na rumbunku. Wanda zaka kamo baka san watanninshi ba, baka san ubanshi ba, baka san mi ya ci jiya ba ko wace tsutsa ke cikinshi, in ka bashi magani ya mutu ba mai iya rantsuwa maganin ne ko dama da ciwonshi ya zo. Na labo kuwa wa da ƙanwa aka yi ta haɗawa zuri'a bayan zuri'a har sau ashirin ko fiye, sai dukansu sunka zama jini guda. Baƙin ɓeran nan C57BL/6 da ya fi kowane yawa a labo na duniya, wani Ba'amurke Clarence Little ya fara tsatsonshi a 1921, shine kuma ya kafa gidan kiwon ɓeraye na Jackson a jihar Maine a 1929, har gobe daga can ake lodinsu zuwa ƙasashe. Ɗakin da suke kwana iska ma tace ta ake, fitila awa 12 a kunne awa 12 a kashe, abinci da ruwa duk an kashe ƙwayoyin cutar ciki, mai shiga sai ya sa riga da hula da safar hannu da takunkumi, ba wai don kar ɓera ya sa mishi cuta ba, a'a don kar shi ya sa ma ɓera.

Ga inda zaka ga amfanin a ce duk iri ɗaya ne. Ranar 25 ga Mayu 1940 a Oksfod ta Ingila, su Howard Florey da Ernst Chain sunka ɗauko ɓeraye takwas sunka yi ma kowanne allurar ƙwayar cuta mai kisa, huɗu anka basu penisilin huɗu anka barsu haka nan, abokin aikinsu Norman Heatley ya raba dare a labo yana leƙa kejin. Kafin gari ya waye huɗun da ba a ba ba duk sun mutu, huɗun da anka ba suna nan da ransu. Ka lura, huɗun nan da anka bari sunka mutu su sunka ba gwajin daraja, da babu su sai wani ya ce ai dama cutar bata kisa. Wannan ka riƙe shi ko don bak.

Karen da kake ji a aji labarin ciwon suga ne. A 1889 Minkowski da von Mering sunka cire ma kare pankireyas sai ya kama fitsari ba ƙaƙƙautawa, fitsarin kuma cike da suga. A 1921 Banting da Best a Toronto ta Kanada sunka tatso ruwan pankireyas sunka yi ma irin wanga kare allura suga ya sauka, Janairun 1922 anka yi ma wani yaro ɗan shekara 14 da ciwon ya gama cinyewa, ya tashi.

Kuma dan Allah ka bar kama kusun rumbu da hannu, akwai irin nan mai nonuwa da yawa da ke ɗaukar zazzaɓin Lassa, wanda anka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsari da kashinshi cutar ke shiga abinci.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ƙawata ce ta turo min bidiyo wai turawa sun ba tsohon ɓera magani ya koma yaro, kuma akwai mai kawo shi daga waje kwalba jikka ashirin. Innata ta haura saba'in gwiwoyi sun ƙi ga tansiyo, wlh tausai take bani, shin in saya mata ko ya ka gani. Ƴar uwarka daga unguwar Zariya.

AMSA: Hajiya Allah ya ba Inna lahiya ya saka miki da kula da ita. Jikka ashirin ɗinki kuwa ki ƙulle ta a bakin zane. Har yau ɗin nan babu wata hukumar kula da magunguna a duniya da ta sa hannu a kan wani magani ta ce wanga maganin tsufa ne, duk wanda ya ce yana da shi a kwalba kasuwa yake.

Amma ba zan ce miki zancen ɓeran ƙarya ne tsagwaronta ba, shi ya sa ma masu tallan ke samun shiga, suna ɗauko gaskiya ƴar ƙarama su ɗora mata kaya. Abin ya samo asali tun 1935, wani Clive McCay a jami'ar Kwanel ta Amurka ya rage ma ɓeraye abinci, amma fa bai rage musu bitamin da gishirin jiki ba, sai ya ga sun fi masu ci su ƙoshi daɗewa. An maimaita a dabbobi iri-iri an sake gani. Da anka zo kan birai sai magana ta rikice, gidajen bincike biyu a Amurka sunka fara kiwon birai, ɗaya a 1987 ɗaya a 1989, shekara ashirin da wani abu ana auna ma biri abinci kullum. Na Wiskonsin sunka fito a 2009 sunka ce rage abinci ya rage cuta da mutuwar tsufa, na cibiyar gwamnati sunka fito a 2012 sunka ce su basu ga ƙarin kwana ba. Da anka zauna anka duba ashe abincin ma ba ɗaya bane, na Wiskonsin suga ya yi mishi yawa kuma biran da ba a rage ma ba ci suke yadda sunka ga dama, kenan wataƙila ba rage ci bane ya taimaki waɗancan, yawan ci ne ya cuci waɗannan. Ki duba fa, biri da biri ma an samu saɓani. Kuma kar wani ya karanta wannan ya je ya rage ma tsohuwa hura, mu nan da muke fama da tamowa tsofaffinmu da yawa ƙarin abinci mai gina jiki suke buƙata ba ragi ba.

Wadda ta fi bani mamaki ni ita ce tsutsa. Akwai wata ƴar tsutsa ta cikin ƙasa tsawonta milimita ɗaya, jikinta garau ana hango komi na ciki a madubin labo, ƙwayoyin jikinta 959 ne an ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, rayuwarta sati biyu zuwa uku. A 1993 wata mata Cynthia Kenyon a San Faransisko ta nuna in ƙwayar gado ɗaya tak ta canza, wadda sunka sa ma suna daf-2, tsutsar sai ta ninka kwananta, kuma ba kwance take ba, lokacin da sa'o'inta sunka mutu ita tana ta mutsu-mutsu. Daga baya anka gane ƙwayar nan dangin wadda ke karɓar saƙon insulin ce a jikinmu. Wannan shi ya sa masana sunka daina kallon tsufa a matsayin lalacewa kawai, sunka fara neman abinda ke juya saurinshi a cikin jiki. Yanzu har wani ɗan kihi suke kiwo daga Zimbabuwe da Mozambik, mai zama cikin kududdufin damina, ruwa ya ƙafe ya mutu ƙwanshi ya kwana cikin busasshen laka har wata damina, shi wata huɗu zuwa shida ya tsufa. A ɗaya gefen kuma ga wani ɓera marar gashi na ƙarƙashin ƙasa a Kenya da Habasha da Somaliya da ke haura shekara 30 kuma da wuya ya yi ciwon daji, ana ta binciken mi ke tsare shi.

Maganin da ya fi yin suna shine rapamisin, daga ƙasar wani tsibiri Rapa Nui anka samo ƙwayar da ke yinshi. A 2009 gidajen bincike uku a Amurka sunka ba ɓeraye ƴan kwana 600, wato sun fara manyanta, matan sunka ƙara kwana kamar kashi 14 cikin 100 mazan kashi 9. Gaskiya ne wannan. Abinda mai bidiyo ba zai gaya miki ba, rapamisin magani ne da ake ba wanda anka yi ma dashen ƙoda don ya danne garkuwar jiki kar ta ƙi ƙodar, yana kawo gyambon baki yana iya tada suga yana hana rauni saurin warkewa. Ɓeran da anka ba yana ɗakin da iska ma tace ta ake, bai san sauro ba bai san taifot ba bai san tarin fuka ba. Inna kuwa a Maradi take, ki danne mata garkuwa a watan Agusta palu na jiranta a bakin ƙofa.

Shi kuma tsoho ya koma yaro, inaga gwajin 2005 ne na jami'ar Stanfod ake juyawa, inda sunka ɗinke fatar tsohon ɓera da ta yaro jininsu ya riƙa gauraya, sai naman tsohon da hantarshi sunka fi saurin gyaruwa. Bayan wasu shekaru wasu a Amurka sunka buɗe shago suna sayar ma masu kuɗi ruwan jinin matasa dala dubbai, har sai da hukumar magunguna ta ƙasar ta fito a 2019 ta ce babu shedar yana amfani kuma akwai haɗari. Kin ga ba mu kaɗai ake yi ma ba.

A cikin magani goma da sunka tsallake dabba sunka shiga gwaji a jikin mutum, wajen tara basa kaiwa farmasi, ko basu yi aiki ba ko illa ta fito. Irin hatsin da ya yi kyau a gonar gwaji ta Tarna inda ake ba shi taki da ruwa a kan lokaci, ba dole ya yi a jigawar Dakoro ba, sai an kai shi can an shuka an gani. Don haka in kika ji an ce an gwada a ɓera, ki tambaya an gwada a mutane nawa.

Kuɗin nan ki kai Inna a auna tansiyo a duba suga da ƙoda, ta riƙa shan maganinta kullum ba sai kai ya sara ba, a rage gishiri da dunƙulen miya, kuma a kiyayi ƙwayoyin ciwon gwiwa na ƴan tebur irin su diklofenak, suna tada tansiyo suna cin ƙoda da tumbi.

TAMBAYA: Ɗana ina gaisuwa. Jikana ke karanta mani shafinka. Ni abinda ya dame ni, a kama dabba bata ci maka komi ba a sa mata cuta da gangan a zauna ana kallonta tana wahala, wannan ba zalunci bane, mi za a ce ma Allah. Wani dattijo daga Bagalam.

AMSA: Baba ina gaishe ka da girma, Allah ya ƙara lahiya da nisan kwana. Ba zan shafa ma maganar mai ba, wahala akwai ta, ana sa musu ciwon daji ana yi musu tiyata, kuma mafi yawansu ƙarshen gwaji kashe su ake a buɗe a duba hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa. Mu da anka karantar damu mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure bata bata abinci ba bata sake ta ba, anka kuma ce in za a yi yanka a wasa wuƙa a hutar da dabba, bai kamata mu ji wanga zance mu ɗaga kafaɗa ba.

Su ma can ba shiru anka yi ba, Ingila ta yi doka a kai tun 1876. A 1959 wasu masana biyu Russell da Burch sunka kawo ƙa'idar da yanzu kusan ko'ina da ita ake aiki, in akwai hanyar da za a samu amsa ba da dabba ba to haramun ne a wurinsu a taɓa dabba, in babu a yi da mafi ƙarancin adadin da zai bada amsa, kuma a sa maganin barci da na kashe zafi, dabbar da wahala ta kai mata wani matsayi a hutar da ita ko gwaji bai ƙare ba. Mai bincike sai ya rubuta wa kwamiti dabba nawa yake so da mi zai musu kafin a bashi ko ɗaya. Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan kwalliyar da anka gwada a dabba tun 2013, Amurka ta daina ba da kuɗin gwaji a kan manyan biran nan shimfanzi a 2015, a ƙarshen 2022 kuma ta cire tilascin cewa kowane sabon magani sai ya bi ta dabba, in dai ƙwayoyin jikin mutum da ake rainonsu a kwano ko lissafin kwamfuta za su wadatar.

Sai dai Baba akwai inda har yanzu ba makawa. Manomin da kububuwa ta sara a gona, ruwan allurar da ke tsayar mishi da zubar jini daga jikin doki ko tunkiya anka samo shi, ana yi ma dabbar allurar dafi kaɗan-kaɗan har jininta ya koyi yaƙarshi sannan a ɗebi jinin a tace, dabarar da Albert Calmette almajirin Pasteur ya fara tun shekarun 1890, kuma kafin a fidda shi kasuwa da ɓeraye ake auna ƙarfinshi. Ni a nawa ganin wannan uzuri ne mai ƙarfi, rai ake ceto. Amma a zuba ma zomo sinadari a ido don a fidda sabon jan baki ko man bilicin, wannan ban ga abinda zai wanke shi ba. Hukuncin shari'a filla-filla na malamanmu ne, ka kai musu da wanga bayani a hannu.

Kuma tunda anka taɓo tausayin dabba, mu ma mu duba jakin amalanke da ake lafta ma siminti ana duka a kan gyambo, da kajin da ake ratayowa kai ƙasa a kabu-kabu tun daga ƙauye cikin ranar nan, su ko kwamiti basu da.

TAMBAYA: Malam ni kam na daina yarda, duk wata allura da ɗigon baki da ake kawo muna ƙauye gwaji ne ake da ɗiyanmu, mu ne ɓerayen turawa, in ba haka ba mi ya sa kullum mu. Wani magidanci daga Madarunfa.

AMSA: Ɗan uwa tsoronka ba daga sama ya faɗo ba. A 1996 lokacin annobar sanƙarau a Kano kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan cikin yara wajen 200, rabi anka basu shi rabi wani maganin, yara 11 sunka rasu, iyaye sunka ce ba a gaya musu gwaji ake ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, anka yi ta shari'a har 2009 sunka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanga tabo na cikin abinda ya sa anka ƙi ɗigon shan inna a 2003, cutar ta dawo ta tsallako iyaka ta nakasa yaran da basu ji ba basu gani ba.

Amma a bambanta abu biyu. Allurar da ake yi a awo da ta kamfen an gama gwajinta, miliyoyin yara sun sha a ƙasashe kafin ta iso. Gwaji kuma daban ne, kuma dole ne a yi shi a jikin mutum don dabba ita kaɗai bata isa ba. Talidomid da anka riƙa ba masu ciki a Turai daga 1957 ya sa an haifi yara sama da 10,000 da guntayen hannuwa da ƙafafu kafin a janye shi a 1961, ba a gwada shi yadda ya kamata a dabba mai ciki ba, da anka zo gwadawa daga baya ɓera bai nuna irin nakasar ba sai zomo da biri. A 2006 kuma a Landan mutane shida masu lahiya anka yi ma allurar wani sabon magani, birai sun ɗauki ninkin abinda anka basu sau 500 ba abinda ya same su, su kuwa cikin awoyi gaɓoɓinsu sunka fara tsayawa, da ƙyar anka ceto su. Ka ga ba kullum mu ba. Shi ya sa ake hawa a hankali, daga dabba sai manya ƴan gomomi, sai ɗaruruwa, sai dubbai. Ita Tu Youyou ta Sin da ta fidda maganin palu daga ɗan uwan tazargade, da ta ga ya kashe cutar a ɓeraye a 1971 da birai, ita da abokan aikinta sunka fara sha kafin su ba marar lahiya, shine tushen Coartem da ɗiyanka ke sha yau.

A ƙasarku ma an yi na gaskiya. Daga 2014 cibiyar bincike ta Epicentre da ma'aikatar lahiya sunka gwada ɗigon rigakafin zawon rotabirus a yankin Madarunfa cikin jarirai sama da 3,500, wani kamfanin Indiya ya yi shi ta hanyar haɗa ƙwayar cutar shanu da ta mutum, kuma yana jure zafi watanni ba firij, wanda duk mai sanin yadda wuta take a ƙauyukanmu ya san darajar haka. Sakamako ya fito a 2017, ya rage zawo mai tsanani da wajen kashi 67 cikin 100, a 2018 hukumar lahiya ta duniya ta amince dashi. In ba a gwada a yaranmu masu cin abincinmu masu shan ruwanmu ba, sai dai mu yi ta shan abinda anka auna a jikin wasu.

In anka zo maka da zancen gwaji haƙƙinka ne a yi maka bayani da Hausa, a gaya maka ko kwamitin ɗa'a na ƙasa ya sa hannu, wa zai biya in yaro ya samu matsala, kuma kana iya cewa a'a ko ka janye a tsakiya ba tare da an hana ɗanka magani a likita ba. Wanda ya ƙi amsa maka waɗannan kar ka dangwala mishi yatsa.

TAMBAYA: Malam tunda maganin mutane a dabba ake gwada shi, to ashe ina iya shan na tsutsa da nike ba awakina, ya fi arha. Makiyayi daga Dakoro.

AMSA: A'a malam, kar ka fara. Na san inda ka dosa, ibamektin ɗin da kake yi ma jajayen awakinka asalinshi ɗaya da na mutane, Satoshi Omura ya samo ƙwayar daga ƙasar Japan, William Campbell da mutanenshi sunka gwada a ɓeraye masu tsutsa, ya fito a maganin bisashe a 1981, sai 1987 anka fidda na mutane don makantar kogi, kuma yana cikin abinda ya sa a Janairun 2025 Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da anka tabbatar ta rabu da cutar. Amma na mutum ƙwaya ce da anka auna da nauyinshi, na bisa kuwa an haɗa shi da ƙarfin da ya dace da sa da raƙumi, ruwan da anka narka shi ciki ma ba don cikin mutum anka yi shi ba, in ya yi yawa jiri da amai ne har suma.

Haka in ka juya ta ɗaya gefen, parasetamol da kake ba yaro ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa, diklofenak da anka riƙa yi ma shanu a Indiya ya kashe sama da kashi 90 cikin 100 na wasu irin ungulayensu don suna cin mushen ƙodarsu ta lalace, sai 2006 anka hana. Kuma in ka yi ma akuya allura ka sa a karanta maka kwalbar, akwai kwanakin da anka rubuta a jira kafin a yanka, wasu ma an ce kar a yi ma wadda ake tatsa. Naka na tsutsa ka je likita, albendazol na mutane ƙwaya ɗaya ce kuma bata kai kuɗin kwanon dusa ba.